Yadda Na Kai Hajiya Babba Maraɗi

Tun da na dawo, ba na zama a dakalin masallacinmu na Ƙofar Gayan ba tare da wani ya ce, "Habibu, wai yaya Maraɗin take?" ba. Na ba da labarin sau da yawa har ya fara canzawa a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai a kan raƙumi na ƙetare iyaka. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Sai na fara da Yaya Lawal, Allah ya jiƙansa, don ba don shi ba da ban je ko'ina ba.

Yaya ne ya buɗe 'yar makarantar koyon buga rubutu a zauren gidanmu. Ni tafireta na sani, ita nake koyarwa. Shi kuwa da kwamfuta ta fara shigowa gari, sai ya sayo tsofaffi guda biyar, da wata babba guda ɗaya da ta wuce mini gwiwa. Biyar ɗin fanko ne, ba su da faifan ajiya a cikinsu. Da safe in an kunna su, kowace sai ta yi kira ta cikin wata baƙar waya da ta bi jikin bango, babbar ta aiko mata da abin da za ta farka da shi. Haka kuma in ɗalibi yana so rubutunsa ya fito a takarda, babbar ce take karɓa ta sa shi a layi, ta riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya zuwa firintar da ke haɗe da kwamfuta ta farko. Masu aikin suna kiran babbar saba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce duk wadda 'ya'ya biyar ba sa tashi sai ta tashe su ta fi ƙarfin wannan ɗan guntun suna. Ita ta raɗa mata Hajiya Babba, sunan kuma ya bi ta.

Wata Laraba da yamma muna zaure ni da Yaya bayan ɗalibai sun tashi. Ina yi masa hira, hannuna yana wasa da abin da ya samu a kusa, don haka Allah ya yi ni, in ina magana sai na sami abin murɗawa. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ja kujera ya buga wani abu ya aika firinta. Kafin ta ja takarda aka ɗauke wuta. Ya ce, "Ba komai, yana layi. In wuta ta dawo zai fito. Naka ne, ka karanta shi da kyau." Wutar ta yi kwana uku ba ta dawo ba. Shi kuma washegari zazzaɓi ya kama shi, ranar Asabar muka kai shi makwancinsa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

A zauren aka yi zaman gaisuwa, kamar yadda ake yi a kowane gida a birni. Muka ture tebura jikin bango, muka lulluɓe kwamfutocin da zannuwa, muka shimfiɗa tabarmi. Ƙarshen baƙar wayar nan ya leƙo daidai inda liman yake zama, da wata 'yar hular ƙarfe a bakinsa mai guntuwar sarƙa, tana kama masa babbar riga. Da ta kama shi karo na biyu sai na murɗe ta na cire, na haɗa da agogon Yaya da alƙalaminsa na kai wa Inna. Ban sake tunawa da ita ba.

Bayan sadakar bakwai na mayar da tebura na kunna komai. Hajiya Babba ta tashi lafiya, fankarta tana huci. 'Ya'yan biyar kuwa kowace ta rubuta layi ɗaya da Turanci cewa tana nema, ta tsaya a nan tana jera ɗigo. Firinta ko tari ba ta yi ba. Da na gaya wa Inna akwai takardar da Yaya ya bar mini a ciki, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Wasiyya ce." Ta kafa sharaɗi biyu: a gidan nan za ta fito, kuma ba wanda zai karanta ta sai tana zaune a wurin.

Na ɗora Hajiya Babba a baro na kai wa wani mai gyara a Tudun Wada. Ya dudduba ya ce shi abin da ya iya shi ne ya goge komai ya zuba sabo. Na ce a ciki akwai takarda. Ya ce ita ma za ta tafi. Na mayar da ita baro ban ko yi masa sallama yadda ya kamata ba. A gida na buɗe littafin da Yaya yake rubuta abubuwan aikinsa. A shafin ƙarshe akwai kalmar sirrin shiga na'urar, ƙarƙashinta kuma ya rubuta: "Malam Isufu, Maraɗi, bayan babbar kasuwa. Shi ya koya mini." Abokaina sun ce akwai masana a nan Zariya. Na ce na ji. Amma wanda Yaya ya rubuta sunansa shi zan kai wa.

Na naɗe Hajiya Babba da bargo biyu na ɗaure da igiya. Inna ta rako ni har soro tana addu'a, mabuɗanta suna ƙara a gefen zani.

A tasha direba ya ce a ɗora ta sama tare da buhunan citta. Na ce ba za ta hau sama ba, na kama mata wurin zama kusa da nawa. Kamasho mai rubuta sunayen fasinja ya ce, "Wurin na biyu na waye?" Na ce, "Na Hajiya Babba." Ya rubuta bai ɗago kai ba.

Wadda ta zauna a ɗaya gefen wata dattijuwa ce mai fataucin atamfa, Hajiya Kande, ita ma Maraɗi za ta. Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ita Hajiyar ba ta iso ba ne? Kwashe kayan nan mana ta sami wuri."

Na ce, "Ai ita ce wannan, Hajiya."

Ta dubi bargon, ta dube ni, ta matsa har ta danne na kusa da ita. "Lafiyarka ƙalau kuwa?"

Kafin mu kai Funtuwa na yi mata bayani gwargwadon abin da na sani. Da ta ji zancen Yaya ta yi masa addu'a. Da ta ji zancen 'ya'ya biyar sai ta dafa bargon. Daga nan duk ramin da muka faɗa sai ta rungume na'urar ta ɗaga murya, "Kai direba, a hankali! Uwar 'ya'ya biyar ka ɗauko, ba buhun gero ba!" Wannan bai hana ta ɗora kwanon dambunta a kan Hajiyar ba da lokacin cin abinci ya yi.

A Malumfashi mai ya ƙare, muka shiga layin gidan mai. Mun yi sallar Azahar a layin, mun yi La'asar a layin. Wani mutum mai jar hula da sanda shi ne mai tsaron layin, in ya ɗaga sanda mota ɗaya ta matsa gaban famfo, in ya sauke kowa ya kashe inji. Na zauna ina kallonsa don ba ni da abin yi. Ban san zai yi mini amfani ba.

Mun sake mota a Katsina. Wannan karon Hajiya Kande da kanta ta ba kamasho sunan Hajiya Babba, har tana gyara masa rubutu. A Jibiya muka kwana a wani gidan baƙi. Damina ce, ɗakin kuma yana yoyo ko'ina ban da kan gado, saboda haka na ba Hajiya Babba gadon, ni na nemi kusurwa.

Da safe muka isa kan iyaka. A ɓangarenmu wani jami'i ya sa na kwance bargon.

"Mene ne wannan?"

"Uwar kwamfuta ce, Yallaɓai."

"Ina 'ya'yan?"

"Suna gida."

"Me ke cikinta?"

"Takarda guda ɗaya."

"Fito da ita in gani."

"Ba ta fito ba tukuna, Yallaɓai. Tana layi."

Ya leƙa bayan na'urar kamar zai hango layin. Ya kira na gaba da shi, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Na sake bayani tun daga farko. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya jiƙan ɗan'uwanka." Ya juya ya ce wa na farkon, "Rubuta rediyo." Aka rubuta rediyo.

A ɓangaren Nijar jandarma ya karɓi takardar sunaye daga hannun direba, ya tsayar da mu a jere, yana kiran suna kowa yana nuna katinsa. Ya zo kan "Hajiya Babba" ba wanda ya amsa. Ya sake kira. Ya ce mota ba za ta motsa ba sai an fito da matar da aka ɓoye. Hajiya Kande ce ta ja shi da hannun riga har bakin mota, ta yaye bargon ta ce, "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Tambaye ta katin, in ta amsa maka ka gaya mana, mu ma tun Zariya muke jira ta yi magana." Ya tsaya yana kallo. Can ya ciro biro ya soke sunan, ya ce wa direba nan gaba kaya su zauna a matsayin kaya.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka. Masu tambayata yaya garin yake, abin da na fara gani shi ne a kulle yake. Su can in rana ta take, ofis da kanti duk sai a rufe, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen La'asar a sake buɗewa. Na ɗauka rasuwa aka yi ta wani babba. Hajiya Kande ta yi mini dariya, ta haɗa ni da mai amalanke, ta shafa bargon ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, ƙawata," ta shige unguwarsu.

Na zauna a ƙofar shagon Malam Isufu ina jira. Wani mai shayi a gefe ya sayar mini da burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Shayin kuma a ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba. Na shanye a kurɓi ɗaya na miƙe zan gode, ya ce in zauna, saura biyu. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi, kuma tsakanin kowane sai an sake dafawa. Mu da muka saba da kofi mai hannu da madara har baki, sai na ga kamar magani ake ba ni.

Malam Isufu ya iso a kan babur, siriri ne mai tabarau. Na gaishe shi na faɗi sunana. Ya ce, "Kai ne ƙanen Lawali? Mai taɓe-taɓen nan? Ina shi ke, mi ya hana shi tahowa?" Ban yi tunanin cewa bai sani ba. Na gaya masa. Ya cire tabaran ya zauna a kan dakalin shagon, mabuɗi a hannunsa. Sannan ya yi addu'a muka shafa, ya buɗe ƙofa ya ce, "Shigo da ita."

A gidansa na sauka kwana biyu. Matarsa ta ciyar da ni zogale da ƙuli da wata fura mai kauri da ban taɓa shan irinta ba. Amma aikin a shago aka yi shi.

Ya haɗa Hajiya Babba da wayar shagonsa, ya ce in buga kalmar sirri. Shekara tara ina koyar da buga rubutu ba tare da kallon yatsu ba, amma sau uku tana ƙin karɓa. Ashe allon bugawarsu na Faransanci ne, haruffan ba a inda muka san su suke ba. Na koma buga ɗaya-ɗaya da yatsa guda kamar sabon ɗalibi, yana tsaye yana murmushi.

Allo ya yi shuɗi. Ya shiga nan ya fita can, sai ga layin. Abu ɗaya ne a cikinsa, da sunan LAWAL a gefe, da ranar Larabar nan. Ya ce, "Ga ta, lahiyarta lau." Na gyara zaman hulata.

Ya ce tunda na zo, ba zan koma yadda na zo ba. Abu uku ake ɗaurawa da juna: layin da takardu suke jira, da mai kula da layin, da firintar kanta. In ɗaya bai san sunan ɗaya ba, ba abin da zai fito. Na ce, "Kamar gidan mai na Malumfashi. Ga motoci, ga mai jar hula, ga famfo." Ya ce bai san Malumfashi ba, amma haka ne. Ya sa ni na buɗe sabon layi da hannuna, na ba shi suna, na haɗa shi da mai kula, na goge, na sake, har sau huɗu. Layin Yaya kuwa ba mu taɓa shi ba.

Sannan ya nuna mini yadda 'ya'yan suke farkawa. Ya buɗe cikin wata kwamfutarsa ya nuna mini katin da waya take shiga, da wani ɗan baƙin abu a kansa wanda shi ne yake yin kiran. Kowane kati yana da doguwar lambarsa, kuma akwai wata takarda a cikin Hajiya Babba inda Yaya ya jera lambobin 'ya'yanta biyar, kowace da abin da za a aika mata. Ya ƙara lambar tasa a ƙasa ya kunna. Ta jera ɗigo uku, sai ta farka. A saman allon ga gaisuwar da Yaya ya sa wa ɗalibai: "Assalamu alaikum. A wanke hannu kafin a taɓa." Na karanta ta a ƙasar da bai taɓa kawo ni ba.

Ina cikin kallonta na ji ƙiiii a bayana. Ashe abin da ya aika wa kwamfutarsa na kwamfutarmu ta farko ne, mai firinta, ita kuma tasa firintar tana haɗe. Ta ja takarda. Ban san lokacin da na tsallake kujera ba. Na fizge wayar wuta daga bango, na ture butar shayi, na faɗa kan firintar na rufe ta da ƙirjina, idona a runtse don kada in ga ko harafi ɗaya.

"Kai! Mi ya same ka?"

"Inna ta ce sai tana zaune!"

Ya zare takardar, ya ce fara ce fat. Amma ko ta Yaya tana nan ko ta tafi, sai an duba. Minti biyun da ya yi yana dubawa ban taɓa jin tsawon irinsu ba. Tana nan. Ta koma layi ta zauna. Ya sa mata alamar tsayawa, ya nuna mini yadda zan sake ta in na isa gida.

Ya ce, "To, uwar lahiya lau, layi lahiya lau. Kenan ciwon na gida. Waya ka duba?"

Na ce ban ga abin dubawa a waya ba. Ya ja ni ƙarshen tasa wayar ya nuna mini wata 'yar hular ƙarfe mai guntuwar sarƙa. "Wagga, ɗaya a kowane ƙarshe. In babu ita, kira na tahiya ya dawo ya rikita kansa, ba mai jin kowa. Taku na nan?"

Na tsaya ina kallon hular. Na tuna rigar liman. Na kuma tuna abin da na gani yana lilo a cikin mabuɗan Inna ranar da ta rako ni soro tana yi mini addu'ar tafiya.

Na gaya masa. Ya zauna a ƙasa ya yi dariya har ya cire tabarau karo na biyu. "Ka ɗauko giwar ga tun daga Zariya, ka bar wanga ɗan abu ga zanen tsohuwa!" Ba shi da ta ƙari da zai ba ni, biyu gare shi kuma suna kan aiki.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai jandarman nan ya gane mu, ya tambayi jikin Hajiya.

Na isa gida da hantsi. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ara mini mabuɗanki." Ga ta nan tsakanin mabuɗin ɗakin girki da na akwati. Inna ta ce ta sa ta ne don abin hannun Lawal ne, kuma ba ta so ta rabu da ita. Na ce ba nisa za ta yi ba, zaure ne.

Na mayar da Hajiya Babba wurinta, na murɗa hular a bakin waya, na kunna 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta jera ɗigo ta farka ta yi sallama. Na shimfiɗa wa Inna darduma kusa da firinta, ta zauna ta gyara lulluɓi. Na shiga layin da yatsa guda, na cire alamar tsayawa.

Firinta ta ja takarda ta yi ta ƙara. Manyan haruffa ne, layi huɗu. Na yage ta na riƙe da hannu biyu. Inna ba ta karatun boko, ta ce, "Karanta, kada ka rage komai."

Na karanta: "SANARWA. Kada kowa ya taɓa 'yar hular ƙarfen da ke ƙarshen waya. In aka cire ta komai zai tsaya. Habibu, da kai nake."

Inna ta ce, "Sai me?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna."

Sai na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka kuka ne. Dariya ce, ta farko tun ranar Asabar ɗin nan, ta rufe baki da mayafi tana yi hawaye suna zuba. Ta ce, "Sake karantawa." Na sake. Ta ce, "Wallahi muryarsa ce. Sake wurin sunanka."

Ɗalibai sun dawo, 'ya'yan biyar suna tashi kowace safiya, ni nake kula da layin yanzu. Takardar na sa ta a leda na manna a bango daidai saman hular, inda na san shi ma nan ya yi niyyar mannawa. Wanda yake son ganin abin da na je Maraɗi nema, ya shigo zaure ya karanta. In ya tarar da ni a tsaye kusa da wurin ina magana, zai ga hannuwana biyu suna cikin aljihu.